Sannu da Aiki, Mai Harbi Gaba da Baya

A shekarar 2003 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da wata libarba da ya raɗa wa suna Model 500. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ƙaddara ƙaramar bindiga irin ta ratayawa a ƙugu, amma wadda aka yi wa kiwon ragon layya. Nauyinta ya kai kilo 2 tun ba a ɗura mata komai ba. Faɗin bakinta rabin inci. Gangar da ke juya harsashi rami biyar kawai ta ɗauka, domin na shida bai sami wurin zama ba. Ita nake so in yi wa jinjina yau, ita da danginta, da jaruman da ke ɗaukarsu su shiga daji neman barewa.

Ranki ya daɗe, giwar libarbobi. Sauran bindigogi son kai gare su: duk azabar dabba suke ɗora wa, mai harbi kuwa ɗan shurin da ya samu bai wuce gaisuwa ba. Ke ce kika ga rashin adalcin wannan rabo, kika gyara. Kina tura dalma gram 28 gaba, kina tura ubangidanki baya, kowa ya tashi da kasonsa. Malaman kimiyya sun daɗe da faɗa cewa abin da ya tunkuɗa wani abu gaba, shi ma sai an tunkuɗa shi baya daidai gwargwado. A doguwar bindiga ƙota na jingine da kafaɗa, jiki duka ya taru ya raba nauyin, irin na ragwaye. Ke ba ki yarda da taron dangi ba. Tafin hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu, su uku kika zaɓa, su kuwa za su biya.

Ba rana ɗaya aka kai ga wannan ɗaukaka ba. A 1935 aka fito da libarbar .357 Magnum, Douglas Wesson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya ɗauke ta ya shiga dazuka, ya kashe manyan namun dajin nahiyar har da beyar, wannan ƙaton dabba mai farata, don kowa ya shaida cewa ta isa. Ta kuwa isa, na shekara ashirin. Sai ga Elmer Keith, mutumin jihar Idaho, makiyayi kuma marubuci, wanda tun yana saurayi ya taɓa fasa wata tsohuwar libarbar Colt saboda cusa mata albarushi fiye da kima. Ya yi ta naci ga kamfanonin Smith & Wesson da Remington har suka haifi .44 Magnum, ta shiga kasuwa a 1956. Da ita Robert Petersen, mai buga mujallu, ya kashe farin beyar na ƙasar ƙanƙara a 1965. A 1971 Clint Eastwood ya riƙe ta a fim ɗin Dirty Harry, aka yi mata kirarin cewa babu ƙaramar bindiga da ta kai ta a duniya, masu saye suka yi layi har ta yi wuyar samu.

Mai ƙaramin tunani sai ya ce a tsaya nan. Bindigar da ta kwantar da farin beyar me za ta rasa yi wa barewa? Amma Allah bai hana Amurka masu hangen nesa ba. Dick Casull ya riga ya ƙera .454 tun cikin shekarun 1950, kamfanin Freedom Arms na jihar Wyoming ya fara sayar da libarbarta a 1983. Matsin iskar albarushi a cikinta ya kai fam 65,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali na .44 bai wuce 36,000 ba. John Linebaugh ya biyo da .500 tasa a 1986, da .475 a 1988. Sai sarauniyarmu a 2003, sai ƙanwarta .460 a 2005, mai jefa harsashi gram 13 da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa. Wani kamfani, Magnum Research, ya ga duk wannan wasan yara ne, ya ɗauki harsashin .45-70 da sojan Amurka suka fara ɗura wa doguwar bindiga a 1873, ya gina masa libarba. Da za a ci gaba da faɗaɗa baki, sai dai dokar ƙasar ta 1968 ta sa bindigar da bakinta ya wuce rabin inci a sahun makaman ɓarna, in ba an yi mata togaciya ta musamman ba. Doka ce ta tsayar da su a rabin inci. Ba ƙoshi ba ne.

Kada wani ya zargi maƙera da haɗama. Laifin barewa ne. Ita wannan barewar Amurka mai farar wutsiya, wadda namijinta galibi bai wuce kilo 100 ba, faɗin ƙirjinta bai kai kamu guda ba, ashe tauri take sha a ɓoye. A 1935 .357 na ratsa ta. Zuwa 1956 ta ƙara wanka da saiwa, sai .44. Zuwa 1983 ta sami sabon boka. Yau kuwa, in ka saurari masu sayar da bindiga, ƙarfe ba ya cin ta sai mai faɗin rabin inci. Hukumar kula da namun daji ta jihar Ohio dai labarin bai kai mata ba, har yanzu dokarta na cewa libarba mai bututun inci 5 da harsashin .357 ta isa shiga farautar barewa. Sai a yi musu uzuri, ma'aikatan gwamnati ne, ba sa karanta talla.

Abin da ya fi burge ni shi ne ilimin da ya tsiro a gindin wannan sana'a, ilimin kwatanta shuri. Yadda mashaya shayi ke bambance na farko da na biyu da na uku, haka waɗannan malamai ke bambance mari da naushi. Za su gaya maka .44 Magnum turi take yi, mai ladabi, ta ɗaga baki sama ta dawo. Ita .454 Casull ba ta san turi ba, mari ne mai zafi da sauri, kamar an sami tafin hannunka da dorina, ƙarfin shurinta kusan ninki biyu na .44 in nauyin bindigogin ya yi kusa. Su .475 da .500 na Linebaugh, a cewarsu, sun fi kama da ingizar bijimi: ba sauri, amma ba tsayawa. Giwarmu, in an ɗura mata harsashi mai nauyi, ta kusa ninka .44 sau uku duk da kilo biyun da take ɗauke da shi. Ita .460 shurinta da ɗan sauƙi in harsashin mara nauyi ne, sai dai ta rama da tsawa da harshen wuta, har na kusa da kai ya ji iska ta dake shi a ƙirji.

Sai a gangaro kan mariƙi. Tsohon mariƙi mai lanƙwasa irin na bindigogin kaboyi yana mirginawa cikin hannu, bindiga ta miƙe tsaye ta dubi sama, wani lokaci ta leƙo goshin mai ita su gaisa. Mariƙin Bisley na kamfanin Ruger ya fi zama daram, sai dai ƙarfen da ya kewaye kunama yakan ƙwanƙwashi gaɓar ɗan yatsan tsakiya har ta kumbura. Mariƙin libarbobin zamani kuwa kai tsaye yake turo shurin cikin naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Kowane da mabiyansa, kowane da hujjarsa, ana ta muhawara cikin natsuwa a kan wace gaɓa ce ta fi cancanta ta fara lalacewa. Wani gwani a Smith & Wesson ma ya lura cewa .44 Magnum ta fara zama abar raini, sai aka ƙera mata gida da ƙarfe mara nauyi, 329PD, wadda ba ta kai gram 800 ba. Bindiga in ta rasa nauyi sai ta ƙara shuri. Da haka aka dawo wa tsohuwa da martabarta, ta koma cizo kamar budurwa.

Duk wannan muhawara, ka kasa kunne da kyau, ba za ka cika jin ana tambayar a ina harsashin ya sauka ba. Wannan tambayar ƙauyawa ce.

To amma mai hikima ba ya barin cuta ba magani, musamman in shi ya sayar da cutar. Shuri ya yi yawa? A ƙara wa bindiga nauyi. Nauyi ya yi yawa, hannu na rawa? A sayi sanduna masu ƙafa biyu a ɗora ta a kai. Ƙugu ya kasa ɗauka? Ga jakar ƙirji, ga maratayi na kafaɗa. Ido bai gani da nisa? A ɗaura mata madubin hange. Tafin hannu ya fashe? Ga safar hannu mai katifa. In aka gama haɗa kayan, sai ka ga mutum na tafe da abu mai nauyin doguwar bindiga, mai madubin doguwar bindiga, mai maratayin doguwar bindiga, abu ɗaya kawai ya rasa, ƙotar da za a jingina a kafaɗa a saita da kyau. Wannan shi ne gwaninta: a kwashi duk wahalar doguwar bindiga a bar amfaninta.

Babban maganin shi ne hujojin da ake yi a bakin bututu, iska ta fita ta sama da gefe ta danne shurin. Yana aiki kuwa, ba ƙarya. Sai dai iskar da aka hana ta bi harsashi, kunnen mai harbi take nufa. Masana lafiyar ji sun sa iyaka a desibel 140 ga ƙara mai zuwa farat ɗaya, waɗannan bindigogi kuwa sun haura 160 tun ba a huda su ba. A filin gwaji ana toshe kunne. A daji fa, inda maharbi ke sauraron motsin ganye? Da yawa sukan bar kunnen a buɗe, harbi ɗaya ne ai. Harbi ɗayan ya wadatar. Gyare ya tare a kunnen mutum yana kuka dare da rana har ƙarshen rayuwa, ba kuɗin haya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma zagon na zamani ne, da lambar kamfani a jikinsa.

Akwai kuma kyautar da ba a tallatawa. Tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tsaga siririya, a kusan kowace libarba. A ƙananan bindigogi ɗan tartsatsi ke fita ta nan. A .460 da .500 iska ce mai yanka kamar aska. Wanda nauyin bindiga ya sa ya miƙa hannun hagu gaba don ya tallafe ta, babban yatsansa ya zo daidai tsagar, zai koma gida da labari mai tsawo da yatsa gajere.

Masu kare giwarmu suna da hujja ɗaya da suke ji da ita: beyar. Ka je Alaska, in ji su, ka ga dabba mai kilo ɗari huɗu ta taso maka, sannan ka zo ka yi mana wa'azin tsakaitawa. Don haka Ruger ya yi Alaskan, .454 mai bututun inci biyu da rabi, gajeriya mai zafin rai. Kyawunta shi ne, in shuri ya yi tsanani, harsasan da ke jiran layi a cikin ganga sukan zame gaba daga kwansonsu kaɗan-kaɗan, in ba a matse bakin kwanson sosai ba, har ɗaya ya leƙo waje ya hana gangar juyawa. Bindiga ta kulle kanta a daidai lokacin da beyar ke taku goma daga gare ka, ta ba ka damar yin addu'a cikin natsuwa. A 2016 wani tsohon jagoran mafarauta a Alaska ya kashe beyar da ta taso wa baƙinsa da ƙaramar fistol mai harsashin milimita 9, irin ta 'yan sanda, don kawai ya iya saka harsashi bayan harsashi inda ya nufa. Bai kyauta ba. Irin wannan aiki ɓata kasuwa ne.

Kasuwa kuwa ta san abin da take so. Kamfanonin Ruger da Hornady sun taɓa yin kuskuren fito da .480 Ruger, harsashi mai faɗi da nauyi, matsinsa ƙasa da na .454, shurinsa abin da mutum zai iya jurewa har ya koyi harbi. Shi kansa Linebaugh, wanda ya san manyan bindigogi fiye da masu yi masa kirari, ya sha nanata cewa harsashi mai nauyi a matsakaicin gudu shi ke ratsa dabba, ƙarin gudu galibi ƙarin shuri da ƙara ne. Jama'a suka saurara da ladabi, suka wuce .480 a kanta suka sayi wadda ta fi suna. Wa zai tara abokai ya nuna musu bindigar da ba ta fi ta kowa ba? Su kuwa masu .460, da yawansu in ba kowa a kusa, harsashin .45 Colt suke ɗura mata, domin tana cin sa, harsashin da aka yi tun 1873, wanda kakanninsu suka ci naman barewa da shi ba tare da sun je asibitin ƙashi ba.

Ga kuma nishaɗin da ta kawo wa duniya. Intanet cike take da bidiyon da ake miƙa wa wanda bai taɓa harbi ba wannan bindiga, yawanci mace ko matashi, a koma gefe da waya ana jiran dariya. Bindiga ta tashi ta fasa goshi, ko ta kuɓuce ta yi sama, a yi ta shewa. Nan kam bakina ya kasa yabo. Shurin kan sa hannun da bai saba ba ya damƙe da ƙarfi, yatsa ya sake jan kunama a lokacin da bakin bindiga ya riga ya juyo baya. A 2013 wata matashiya ta rasa ranta ta wannan hanya a jihar Missouri, da .500 a hannunta. Waɗanda suka san bindigar suna cewa a ɗura wa sabon hannu harsashi ɗaya tak. Wanda ke neman abin dariya ba ya jin wannan magana.

Saura babbar baiwarki, ranki ya daɗe, wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Ke malama ce. Jiki magayi, in ji Hausawa, ke kuwa kin iya gaya masa. Harbi biyar ya isa jikin mutum ya haddace darasinki: kafin kunama ta kai ƙarshe ido ya rufe, kafaɗa ta ɗaure, hannu ya danna bakin bindiga ƙasa don ya tare dukan da ya san yana tafe. Mai harbin bai san yana yi ba, tsawa da shuri sun rufe asirin. Masu koyar da harbi suna da hanyar tona shi, su bar rami ɗaya a ganga ba harsashi, su juya ta, su miƙa masa. In kunama ta faɗa kan ramin banza, sai a ga bakin bindiga ya yi sujada shi kaɗai, ba wuta ba hayaƙi. Wannan zabura ba ta fita sai da harbi ɗari bisa ɗari da ƙaramin harsashi, cikin haƙuri. Ke kuwa kin rufe wannan ƙofa ta fuska biyu: harsashinki ɗaya ya ci kuɗin na .44 biyu ko uku, kuma wuyan hannu ba ya kai akwati guda bai nemi hutu ba. Shi ya sa ake yawan ganinki a kantin tsofaffin bindigogi kina sheƙi kamar amarya, ga akwatin harsashinki na farko a gefe, ba a ci rabinsa ba.

Wanda bai sayar ba, shi ne zai shiga daji. Ya karanta yadda Elmer Keith ya ba da labarin samun wata barewa daga yadi 600 da .44, bai lura cewa Keith ya shekara talatin yana harbi kafin ranar ba, kuma barewar wani ne ya riga ya raunata ta, ƙoƙarin ƙarasa ta ake yi. Abin da ake nema a jikin barewa, huhu da zuciya, bai fi faifan rufe ƙwarya ba. Wanda zai iya sa harsashi biyar cikin faifai daga mita 50 da .357, ya fi ƙarfin barewa. Wanda ba zai iya ba da .500, harsashinsa na da ƙarfin fasa bango, sai dai bangon da ya samu shi ne tumbi, ko cinya, ko muƙamuƙi.

Ƙarshen Nuwamba ne a Ohio, rana ta kusa faɗuwa, sanyi ya sauko. Barewa ta fito bakin gonar masara da aka girbe, ta tsaya ta ba da gefe, mita 60. Jaruminmu ya ɗora giwa a kan sanduna, ya ja numfashi, idonsa ya rufe kafin tsawa. Barewa ta gantsare baya, ta yi ɗan gudu, ta koma tafiya a hankali da kai a ƙasa, ta shige duhuwa. A inda ta tsaya babu jan jini mai kumfa irin na huhu. Ɗan ruwa ne kore-kore, da ɓarɓashin masarar da ta ci da rana. Duk maharbi ya san ma'anar wannan. Dabbar da aka fasa wa tumbi ba ta mutuwa nan take, takan kwashe sa'o'i masu yawa, shi ya sa ake cewa a bar ta ta kwana kada a kore ta ta yi nisa. Ya haska tocila, ya bi sawu taku ɗari, jinin ya ɗauke.

Ya koma masauki ya zare safar hannu. Tafin ya yi ja, gaɓar yatsa ta kumbura, abokai suka kewaye shi suna dubawa suna jinjina, wannan ya ɗaga bindigar ya auna nauyinta, wancan ya sa ɗan yatsa a bakinta ya ga ya shige. Ba wanda ya taɓa jin tsawa irin ta yau, in ji su, har tsuntsayen ƙetaren rafi sun tashi.

Sannu da aiki, mai harbi gaba da baya. An goge ki da mai, an kwantar da ke a akwati mai laushi. Can cikin ciyawar bakin rafi barewa ta kwanta ita ma, ƙishirwa na cin ta, ta kasa kai baki ga ruwa, idonta biyu. Karnukan dajin da ake kira koyoti sun riga sun sami warin, suna tafe ba gaggawa.